Cigiyar Ƙanwar Iya a Gidan Rediyo

Hajjin waccan shekara a tsakiyar zafi ya faɗo, irin zafin Makka da duwatsu ke riƙe rana a cikinsu har bayan magariba. Duk da haka shekara ce mai daɗi. Alhazai sun zo da yawa, masu ga-ruwa ba su yanke mana ba ko na kwana ɗaya, ba a yi wata cuta ba, yarana biyu kuma duk sun yi kumatu. A unguwarmu ta Utaibiyya kowa da abin yinsa. Ni waina nake soyawa a bakin ƙofa tun asuba har hantsi. Malam maigidana kuwa tafinta yake yi wa wani muɗawwafi, wato mai yi wa baƙi jagorar aikin Hajji. Duk alhajin da ya zo daga ƙasar Hausa ba ya jin Larabci, da bakin Malam yake magana.

A shekarar ce kuma rediyo ya shigo lungunmu. Akwai wani Bayamale, mutumin Yaman, mai gahawa, inda maza ke zaman shan shayi, bangonsa ɗaya da tsakar gidanmu. Shi ya sayo akwatin, ƙato kamar na lefe, da batir irin na mota a ƙarƙashinsa. In an kunna sai ya daɗe yana gyaran murya kafin ya ce uffan. Akwai 'yar taga a saman bangon, Bayamalen kuma mutum ne mai kirki, ya juya akwatin ya fuskanci tagar don mu mata mu samu. Gidan rediyon kansa ba a daɗe da buɗe shi ba. Ba ya magana duk yini. Ya yi kaɗan da safe, ya yi kaɗan bayan la'asar, karatun Alƙur'ani, labarai, wa'azi, sai ya yi shiru kamar kowa.

Abin da ya tuno mini da wannan labari mijin 'yata ne. Aikin rediyo da talabijin yake yi, aka tura shi Japan ƙaro ilimi a wata tasha ta lardi, can nesa da babban birninsu, a garin da ya faɗa mini sunansa sau uku harshena ya ƙi ɗauka. Da ya dawo ya zauna yana ba ni tarihin tashar yadda tsofaffin ma'aikatanta suka ba shi. Wai kusan sa'ar tamu tashar ce. A saman wani kanti ta fara, da mutane 'yan kaɗan, tana faɗa wa manoma da masunta ko za a yi ruwa gobe, tana karanta cigiyar waɗanda yaƙi ya raba da danginsu. Sai daga baya ta ƙara talabijin, ta gina dogon bene. Ya ce, "Umma, abin dariya, masu karanta labaransu na farko sai sun rusuna wa ƙarfen maganar kafin su buɗe baki, alhali ba mai ganinsu." Na yi ta dariya har da hawaye. Ya zaci mutanen Japan nake yi wa. Na ce masa a'a, surukinka nake yi wa, Allah Ya jiƙansa, gyara zama ka ji.

Cikin alhazan da muɗawwafin ya saukar a gidanmu akwai wata tsohuwa mutuniyar ƙasar Daura. Iya kowa ke ce mata. 'Yar ƙarama ce, siririya, ba ta da yawan magana. Bayan an sauko daga Mina 'yan ayarinsu suka shiga sayen tsaraba, ita ko tasbaha ba ta saya ba. Kullum ta fita da safe, ta dawo da azahar ƙafa duk ƙura. Ban tambaye ta ba. Wata safiya da kanta ta jawo kujera ta zauna kusa da tandata, ta daɗe tana kallon wuta, sannan ta ce, "'Yar nan, ƙanwata nake nema."

Suna yara iyayensu suka taso da su a ƙafa za su Makka. A ƙasar Sudan, a wani gari na bakin kogi, uban ya rasu. Ƙanin uban ya ce shi ya haƙura, gida zai koma, ya ɗauki babbar. Uwar ta ce ita ta riga ta yi niyya, ta riƙe hannun ƙaramar ta yi gabas.

"Ni da wayona," in ji Iya. "Ita kuwa ko famfara ba ta gama ba. Shekara arba'in da wani abu ke nan. Wani alhaji ya taɓa kai mana labarin cewa Inna ta rasu a nan, yarinyar kuma ta yi aure. Iyakar abin da na sani ke nan. Hajji dai na yi, alhamdu lillahi. Saura wannan. Motarmu ta Jidda kuma saura kwana goma sha biyu."

A lokacin in alhaji ya hau jirgin ruwa ya tsallaka, to sai dai a Lahira. Ba wanda ya faɗa, amma duk mun sani.

Malam ya ɗauki maganar kamar tasa. Ya zaga unguwannin Jarwal da Misfala, ya tambayi maɗinka da masu ga-ruwa da dattawan zaure. Kowa ya san wata mutuniyar Daura, amma ba waccan ba. Sai wani ɗan'uwan muɗawwafin, wanda ke aiki a gidan rediyon, ya ce ai a lokacin Hajji suna karanta cigiyar alhazan da suka ɓata, a kawo. Aka kai. Aka karanta da Larabci cikin sunaye wajen ashirin, ta wuce kamar iska. Mu da muke ƙarƙashin taga muna jira ma da ƙyar muka gane tamu ce. Aka kwana biyu ba wanda ya zo. Mutumin ya ce wa Malam, "To ka zo ka faɗa da bakinka, da harshenku. Na roƙar maka minti uku."

A nan sai na faɗi halin Malam. Bakano ne, mai haƙuri, ban taɓa jin ya zagi ko kaza ba. Amma mutum ne mai gaisuwa. In na aike shi sayen burodin tamis da safe, kafin ya dawo shayi ya huce, domin ba zai wuce ƙofa ba sai ya ji lafiyar masu gida, da ta yara, da ta wanda ya yi tari makon jiya. A wurinsa wanda ya soma magana bai yi gaisuwa ba, ɗan doka ne ko mahaukaci.

Ranar da zai tafi, saura kwana shida ke nan, ya zuba babbar riga cikin zafin nan, ya naɗa rawani, ya shafa turare har lungu ya ɗauka. Muna da maƙwabciya Bazazzagiya mai kitso, wadda ba ta barin Bakano ya wuce lafiya. Ta leƙo ta kan katanga.

"Malam, turaren kuma na wane ne? Ta cikin akwatin za mu shaƙa?"

"Bazazzagi me ya sani a shiga mutane," in ji Malam, yana gyara hannun riga.

"Ka dai riƙe rawanin da kyau. An ce akwatin ƙarami ne, kada ya maƙale."

Bayan la'asar gahawa ta cika. Masu ga-ruwa suka ajiye garewaninsu a bakin hanya, maɗinka suka bar kekuna. Mu mata muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin taga, Iya a tsakiya. Mai Larabci ya gama labarai, ya ce yanzu ga magana da harshen Takari, wato mu. Sai na ji gyaran muryar da na sani tun ina amarya.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah."

Ya tsaya. Ni da na san shi na gane abin da yake jira. Ai kuwa gahawa gaba ɗaya ta amsa, "Wa alaikumus salam."

"Jama'armu na Makka, da na Jidda, da na Madina, da na Ɗa'if, barkanku da yamma."

Ya sake tsayawa. Maza suka ce, "Barka kadai." Mu ma muka ce.

"Ina wuninku?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiyar Arfa?"

"Ba gajiya."

"Yaya muka ji da zafin nan?"

"Lokacinsa ne."

"Iyali fa? Yara duk suna lafiya? To madalla, madalla."

Har madalla yake cewa, kamar yana jin mu. Tun da aka kafa akwatin nan ba mu taɓa jin Hausa ta fito daga cikinsa ba, don haka kowa bakinsa har kunne. Ya gai da malamai, ya gai da dattawa, ya gai da masu ga-ruwa da sana'a, ya yi wa marasa lafiya sannu, ya yi wa waɗanda aka yi wa rashi ta'aziyya. Bayan kowace ɗaya sai ya ba da sarari a amsa. Iya tana amsawa da ladabi, ta haɗa tafin hannu. Ni kuwa na san minti uku ba yini ba ne.

"To jama'a, abin da ke tafe da ni..."

Muryar mai Larabci ta dawo, tana godiya ga ɗan'uwanmu. Aka sa karatu.

Bazazzagiya ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki. A gahawa ma wani ya fara, sauran suka ɗauka. Iya ta dube ni.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Iya."

"To. Ai ya gaishe mu. Yaron kirki ne."

Haka ta ce, amma hannunta na ta murɗa bakin mayafi. Da aka kawo tuwo ta ce ta ƙoshi.

Malam bai biyo ta gaban gahawa ba, ta bayan lungu ya zagayo. Na kawo masa ruwan randa, na karɓi rawanin na rataye, ban ce komai ba. Uwata ta koya mini cewa wanda ya faɗi ya san ya faɗi. Da ya sha ruwa ya soma ba ni labari da kansa. Wai gidan rediyon gida ne na haya a kan dutse, aka shigar da shi wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da barguna da darduma. A tsakiya ga wani ƙarfe kamar ludayi a kan sanda. Ya tuɓe takalmi, ya nemi ya durƙusa a gabansa, aka ce ya zauna a kujera. Can bayan gilashi ga wani mutum da abu a kunne.

"Ina cikin magana sai ya ɗaga mini yatsa uku. Can ya ɗaga biyu. Can ɗaya, yana kaɗawa."

"Kai kuma ka yi yaya?"

"Na zaci gaishe ni yake. Na ɗaga masa nawa."

Na tashi na shiga madafa kamar zan duba wuta, don kada ya ga fuskata. Da na dawo ya ce, a hankali, "Hajiya, ta yaya zan roƙi jama'a alfarma ban tambayi lafiyarsu ba? Mutane ne fa a can, ko ban gan su ba."

Wannan kuwa gaskiya ce. Sai dai Iya na ɗaki tana ƙirga kwanaki da yatsu.

Kashegari ɗan'uwan muɗawwafin ya zo. Ashe shugabansu da aka fassara masa abin da ya faru dariya ya yi ta yi, sannan tun safe mutanenmu suke zuwa ƙofar gidan rediyon suna tambaya ko mai gaisuwar zai dawo. Ya ce an ƙara wa Malam minti uku gobe, daga nan kuma halas, ba ƙari.

Na zauna na yi tunani. Lokacin ban iya karatu da rubutu ba, sai da na yi jikoki na shiga ajin manya, balle in rubuta masa a takarda. Agogo ma ba mu da shi. Abin da nake da shi tanda ce. Na sa Malam ya aro agogon aljihun Bayamale, ya riƙe, na zuba ƙullu, na juya, na kwashe. Daga zubawa zuwa kwashewa minti uku ne, ko da ɗan abin da ba a rasa ba.

"To Malam, rabonka ke nan," na ce. "Tanda ɗaya. In na zuba ka fara. Ba zan kwashe ba sai ka gama. Duk wadda ta ƙone kai za ka ci."

"Haba Hajiya."

"Bismilla."

Na zuba. Ya yi sallama, ya ɗauko jama'ar Makka da na Jidda. Kafin ya gama da malamai hayaƙi ya tashi. Na kwashe baƙaƙe na tura masa a faranti. Ya ci, yana taunawa kamar mai cin gawayi. Na sake zubawa. Wannan karon ya yar da maɗinka da marasa lafiya, amma ya kasa wuce dattawa. Ya sake ci. Masu sayen waina suka tsaya kallo da kwanoninsu, Bazazzagiya ta kafa haɓa a katanga tana ba da shawarar a kawo masa yaji.

A karo na uku ya ajiye faranti. "Ba zan iya ba. In na cire gaisuwa, me ya rage? Sai ka ce sammaci."

Na ce, "A zangon da na tashi a Sudan akwai mai cigiya. Yana tafe yana cewa cigiya jama'a, cigiya. Ba ya tambayar gajiyar kowa, ban kuma taɓa jin an ce ba shi da tarbiyya ba. Kai ba zumunci ka je ba, Malam. Cigiya ka je."

"Ni da girmana in tsaya ina cigiya kamar wanda akuyarsa ta tsinke?"

"Ƙanwar Iya ce ta ɓata."

Iya, wadda ke zaune gefe tun ɗazu tana tsince shinkafa, ta ɗago kai.

"Ɗana, ai ka riga ka gaishe su jiya, sun kuma amsa. Gaisuwar nan ba ta huce ba. Wanda aka katse masa magana ba ya komawa sallama, ɗorawa yake daga inda ya tsaya."

Na ga fuskar Malam ta washe. Abin da na yi ta kewaye a kai da ƙonannar waina, tsohuwa ta warware shi da baki ɗaya. Ba cire gaisuwa zai yi ba, ya riga ya yi ta.

Muka zauna mu uku muka jera abin da zai faɗa. Sunan garinsu. Sunan ubansu, da cewa majemi ne. Garin bakin kogin da aka rabu. Tsage uku a kowane kunci. Sannan Iya ta ce akwai tabon ƙuna a bayan hannunta na hagu. Ta ƙara da cewa, "Ka ce yayarta ce ta zubo mata kunun. Ka ce ta zo neman gafara." Sai inda za a same mu: Utaibiyya, gidan mai waina, bayan gahawar Bayamale. Na ce ya maimaita komai sau biyu, don tsofaffi ba sa kamawa a karon farko. Na zuba, ya fara. Wainar ta fito ja-ja, ya gama ina ɗora ta ƙarshe a kwano. Muka yi sau huɗu. Ranar Malam bai nemi abincin rana ba.

Ranar ta biyu, saura kwana huɗu, gahawa ba ta ɗauki mutane ba, har bakin titi suka tsaya. Yawancinsu dariya suka zo yi, har da masu gyara murya don amsawa. Ni ban saba soya waina da yamma ba, amma na kasa zama, na hura gawayi a tsakar gida. Da na ji gyaran muryarsa na zuba ƙullu.

"Assalamu alaikum." Ya ɗan tsaya, kaɗan dai, bai iya hana kansa ba. "Jama'a, shekaranjiya na gaishe ku, kun amsa, na gode. Yau ɗorawa zan yi. Cigiya nake."

Ya faɗi garin, ya faɗi majemin, ya faɗi kogin, da tsagen, da tabon. Da ya zo kan kunun, Iya ta sunkuyar da kai. Na juya waina. Ya maimaita daga farko, a natse, kamar yadda muka yi a bakin ƙofa. Ina kwashe ta ƙarshe ya gama, har da ɗan saura. Da sauran nan ya ce, "A gai da gida."

Wani a gahawa ya ce, "Af, yau ba gajiyar Arfa?" Bazazzagiya ta ce, "Wa ya lalata mana Bakano?" Amma da na dube ta tana share ido da gefen zane.

Kwana biyun da suka biyo baya mata uku suka zo. Ta farko tsagenta biyu ne. Ta biyu 'yar Gumel ce, ta ce ta dai zo ne ko Allah zai sa. Ta uku da aka bincika waina ta zo ci. Iya ta karɓi kowacce da fara'a, ta raka ta bakin ƙofa, ta dawo ta zauna a inuwar zaure inda take ganin bakin lungu. 'Yan ayarinsu suna ta ɗaure kaya, ana cika gwangwanayen Zamzam. Ita ma ta ɗaure ɗan ƙullinta ta ajiye a gefe, ta ce mini, "Mun yi namu, 'yar nan. Allah Ya saka wa mijinki. Ya ci baƙar waina saboda ni."

Jajiberin tafiya, bayan azahar, wata motar inabi da rumman daga Ɗa'if ta tsaya a bakin titi, don lungunmu ba ya ɗaukar mota. Direban, wani magidanci mai gemu, ya sauko da wata mata mai jiki cikin baƙin lulluɓi. Tun daga nesa nake jin ta, tana cakuɗa Hausa da Larabci.

"Fen gidan mai waina? Ya waladi, ka tambaya mana, kada ka tsaya kamar gunki."

Ta shigo zaure tana haki, ta yaye lulluɓin fuska. Ga tsage uku-uku, sun shige cikin kumatu. Ta miƙa hannun hagu ta kifa shi. Iya ta kama hannun da nata biyu, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa. Na zaci za a yi kuka mai ƙarfi, har na tura yara ɗaki. Ba a yi ba. Matar ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta ce, "Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau. Ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Kin yi ƙiba."

"Ke kuma kin ƙanƙance."

Sai a nan hawayen suka zo, a hankali, suna dariya a ciki.

Da aka sha ruwa ta ba mu labari, Hausa rabi Larabci rabi. Mijinta aikin lambu yake yi a Ɗa'if, direban nan ɗanta ne na fari. Ba su da rediyo, cigiyar Larabci ko labarinta ba ta ji ba. Amma labarin Bakanon da ya gai da duniya kaf ya manta saƙo ya hau dutse har Ɗa'if a kwana ɗaya. Da aka ce zai dawo, matan unguwarsu suka ɗunguma gidan mai lambun, inda akwai akwati.

"Wallahi dariya na je yi," ta ce. "Na gyara zama zan amsa gaisuwa. Sai na ji ana maganar hannuna."

Ta juya ga Iya. "Kunun nan da zafi fa, Yaya."

"Na sani."

"Na yafe. Bas ki dama mini wani kafin ki tafi."

Daga nan suka shiga gaisuwa ta gaske. Ƙanwar tana kiran mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta iya tunawa. Yawanci Iya ta ce ya rasu, su ce Allah Ya jiƙansa, su wuce na gaba. Iya ta tambayi inda aka binne Inna, aka faɗa mata. Sannan aka koma kan masu rai, 'ya'ya da jikoki na can da na nan, kowa da lafiyarsa. Na hura wuta na yi musu tanda uku, ba su kai rabi ba. Malam yana zaure tare da direban, ya yafito ni.

"Hajiya, su ba ki auna musu tanda ba?"

"Su ba mai ɗaga musu yatsa."

Ya shafa gemu. "Kin dai ji da kunnenki. Da ban yi gaisuwar nan ba, da wa zai je saurare?"

"Ji Bakano," in ji Bazazzagiya daga katanga. "Ya faɗa rijiya ya ce wanka ya shiga."

Har ya koma ga Allah bai sauka daga wannan magana ba, duk baƙon da ya zo sai ya ji ta. Ni kuma ban taɓa yi masa gardama ba, don ban tabbata ba shi da gaskiya ba.

Tafiyar Iya ba ta fasu ba, jikokinta na jiranta a gida. Amma aka shirya ƙanwar za ta bi ta har Jidda, su zauna tare har jirgi ya tashi, ɗan kuma ya je ya ɗauko uwarsa. Iya ta shiga madafata ta dama kunu da hannunta, ta tsaya tana fifita shi har ya huce sarai kafin ta miƙa.

Da asuba na yi salla na hura gawayi. Tandar farko na naɗe ta a tsumma mai tsabta na sa cikin ƙullin Iya, su ci a mota. Ta biyu na zaɓi waɗanda suka fi kyau na zuba a kwanon sha mai murfi, na ba Malam ya kai wa mutumin bayan gilashi. Na ce ya fita da wuri, don tsakaninmu da dutsen nan ƙofofi da yawa ne, kada ta huce a hanya. Na raka shi bakin zaure na ce a gai da mai yatsa. Sannan na koma na zuba ta uku, don masu ga-ruwa sun riga sun tsaya da kwanoninsu.